Matakan Adana Ilimin Ƙungiyar Gama Kai a Bungudu

Daga garin Bungudu zuwa Nahuce, Furfuri da Kwatarkwashi, ƙungiyoyin manoma da na mata masu matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli suna rufa wa gidaje da dama asiri. Matsalar ita ce sau tari sirrin sana'ar duk yana kan mutum ɗaya, uwar adashe ko magatakarda. Ranar da aure ya kai ta Tsafe, ko rashin tsaro ya kori iyalinsa zuwa Gusau, sai ƙungiya ta koma kamar yau aka kafa ta. Abin da kuka sani jari ne, ga yadda za ku tsare shi.

Mataki na 1: Ku gano wa ya san me

A zauna taro, kowa ya faɗi inda ya fi ƙwarewa. Wace ce ke gane gyaɗa mai mai da zarar ta murza ta a hannu? Wa ya san dillalin da ba ya tauye mudu? A rubuta suna da ƙwarewa.

Mataki na 2: Ku buɗe littafi biyu

Na farko na kuɗi ne, yana hannun ma'aji. Na biyu na sani ne, kuma shi aka fi sakaci da shi. A duk ranar aiki a rubuta kwanan wata, tiya nawa aka saya, a kan nawa, kwalba nawa ta fito, da abin da tunkuza ta bayar na ƙuli-ƙuli. Manoma su rubuta ranar saukar ruwan shuka, irin da aka shuka, buhun taki nawa aka zuba, da shawarar malamin gona. Idan an shekara biyu ana haka, littafin da kansa zai nuna muku watan da ya kamata a sayi gyaɗa a ajiye, da gonar da ke cin taki ba amfani. Boko ko ajami, duk wanda aka fi iyawa a yi da shi.

Mataki na 3: Ku naɗi muryar dattawa

Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda bai iya rubutu ba, a nemi izininsa a ɗauki bayaninsa a waya: yadda ake gane suya ta yi, ko yadda ake kare wake daga ƙwari a rumbu. Sannan wani matashi ya kwafe shi a littafi.

Mataki na 4: Kada ku dogara da waya kaɗai

A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, an kuma rufe kasuwannin mako-mako. Ba a manta da wannan ba. WhatsApp na da amfani, amma lambobin abokan ciniki da jerin basussuka su kasance a takarda, kwafi biyu, a gidaje biyu.

Mataki na 5: Ku yi bita bayan kaka da bayan salla

Tambaya uku ta isa: me ya yi kyau, ina aka yi asara, me za a sake? Ba zaman neman mai laifi ba ne, domin wanda aka kunyata ba zai ƙara faɗin gaskiya ba.

Mataki na 6: Kowane mai muƙami ya horar da mataimaki

Kada a miƙa shugabanci sai tsoho da sabo sun zauna sun bi littattafan shafi-shafi a gaban shaidu.

Mataki na 7: Ku riƙe amana

Dabarun sana'a a raba su da ƙungiyoyin maƙwabta. Amma sunayen waɗanda ake bi bashi, da marayu da zawarawan da ake tallafa wa, sirri ne.

'Yan uwa, kada ku jira tallafi kafin ku fara. Littafi da biro sun isa. Ku zo da su taronku na gaba. Allah Ya sa albarka a sana'a.