Tsoho mai ciwon mantuwa: wane maganin barci ya dace da shi?

Akwai cutar da ke cin ƙwaƙwalwar tsoho sannu a hankali. Wani likitan Jamus mai suna Alzheimer ya bayyana ta a shekarar 1906. Mai ita yana manta sunan jikokinsa. Da magariba tsoro ya kama shi, da dare ya kasa barci. Ba maita ba ce, ba aljanu ba ne.

Idan muka gaji, mukan sayo masa ƙwayar barci irin su Valium wajen masu talla. Nan haɗarin yake. Ƙwayar tana daɗewa a jikin tsoho, tana ƙara ruɗa shi. Ya tashi fitsari cikin duhu, ya faɗi, ƙugu ya karye.

Kafin magani, mu bincika: ciwo ne ya hana shi barci, ko fitsari, ko yunwa? Kada mu ba shi shayi da goro bayan la'asar. Ya sha hantsi, ya rage barcin rana. Mu bar masa fitila da dare.

Idan abin bai lafa ba, mu kai shi gidan likita tare da duk magungunan da yake sha. Likita zai fara da kaɗan, yana dubawa. Tun da mun iya rubutu, mu rubuta yadda tsohon ya kwana kowane dare, mu nuna wa likita.

Wanda ya daɗe yana shan ƙwayar barci, kada mu tsayar masa da ita rana ɗaya. Likita ne zai rage ta sannu-sannu.