Amsoshin Tambayoyinku: Wayar da Ba Ta Asarar Wuta

Wayar da ke kawo lantarki Jimeta daga Gombe tana ɗaukar zafi, wani kaso na wutar ya salwanta. Amma wayar da wani mai sauraronmu na Yola ya yi tambaya a kanta ba ta wannan asara, muddin an sanyaya ta matuƙa.

Ga iri biyu na wannan waya. Iri na farko, ana cusa sandunan gaurayen niyobiyam da taitaniyam cikin jan ƙarfe, a yi ta ja har su sirance. Da ita ake naɗa maganaɗisun na'urar MRI, a sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Na biyu kamar zaren kaset yake: sinadarin YBCO ake shafawa a siririn ƙarfe. Mai faɗin milimita 4 kan ɗauki amfiya sama da 100 cikin ruwan naitirojin. Da zafi ya haura iyaka, sai wannan baiwa ta rashin asarar wuta ta gushe.