Amsoshin Tambayoyinku: Sabarmu Tana Mutuwa, In Bari A Goge Ta?

TAMBAYA: Ni ke kula da kwamfutocin wata ƙungiyar manoman shinkafa a Tunuga, cikin gundumar Gaya. Muna da babbar kwamfuta ɗaya da muke kira saba, a cikinta ake ajiye sunayen mambobi da bashin taki da kuɗin ruwa, sauran kwamfutocin ofis kuma daga gare ta suke ɗauko bayanai. Wani yaro ne ya haɗa mana ita da Ubuntu, yanzu ya koma Yamai karatu. Tun bazarar bara ta fara mutuwa da kanta, wani lokaci ta ƙi tashi, ta tsaya a baƙin allo da rubutu. In ta tashi kuma sai kwanan wata ya koma baya, intanet ya ƙi buɗewa. Wani mai gyara ya ce birus ne, a goge komai a sake zubawa. In yarda? Daga wani mai karatu a Tunuga.

AMSA: Kada ka yarda. Kada kowa ya goge wannan kwamfuta sai kun kwashe abin da ke cikinta kun ajiye a wani wuri, kuma ka buɗe kwafin ka ga sunayen mambobinku da idonka. Alamomin da ka lissafa sun fi kama da aikin wuta, zafi, ƙura da wani ɗan batir mai faɗin ƙwandala fiye da aikin birus. In an goge, za ta ɗan yi kwanaki lafiya ta koma gidan jiya, ku kuma kun rasa lissafin wanda ya biya da wanda ake bi.

Kafin ka taɓa komai, kira yaron nan na Yamai ka yi masa tambayoyi biyu. Mece ce lambar sirrin shugaban kwamfutar? Sannan bayananmu a fayiloli suke, ko a cikin rumbun bayanai irin su MySQL ko PostgreSQL? Ta biyun tana da nauyi, domin in a rumbu suke, jawo fayil ka jefa a kile, wato filashin USB, ba zai wadatar ba. Sai an fitar da su da mysqldump ko pg_dump, in ba haka ba kana iya ƙarewa da kwafin da ba ya buɗuwa. Ka sa ya turo maka umarnin a rubuce.

To, mu zo kan mutuwar. Kwamfuta mai Ubuntu tana rubuta abin da ke faruwa da ita har zuwa daƙiƙar ƙarshe. Idan ta tashi, buɗe tagar umarni ka rubuta journalctl -b -1 -e, za ta nuna maka ƙarshen littafin tashin da ya gabata. In ka ga layuka suna cewa ana tsayar da wannan, ana rufe wancan, to wani ne ya kashe ta, ko wata manhaja. In kuwa rubutun ya yanke haka kawai a tsakiyar aiki, wuta ce ta ɗauke ko zafi ya kashe ta. Umarnin last -x zai jero maka ranaku da sa'o'in da ta yi ta tashi. Ka kwafe su a takarda ka duba. Mutuwar da take yawan zuwa tsakanin azahar da la'asar a watannin Afrilu da Mayu, zafi ne. Wadda take zuwa daidai lokacin da fitilu suka yi ƙyaf, ko aka kunna janareto, wuta ce.

Zafin ba sai na bayyana maka shi ba, kai da ke zaune inda bazara ke wuce digiri 40 a inuwa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta in ta kusa digiri 100 takan rage gudu, in abin ya ci gaba ta kashe kanta don kada ta ƙone. Akwai ƙaramar manhaja mai suna lm-sensors, ka saka ta ka rubuta sensors ka ga lambar da kanka. Sau da yawa maganin ba ya cin ko dala. Kashe ta, cire fulogi, buɗe murfi, za ka tarar ƙurar hunturu ta toshe tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya. Ka hure ta da famfon iska, ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Ka ɗauke kwamfutar daga ƙasa ka ɗora kan tebur, nesa da taga, kada a jingina ta da bango, kada kuma a lulluɓe ta da zane tana aiki. Ɗagawar tana da amfani na biyu ga wanda ke kusa da kogi: ruwan Agusta ba ya sallama.

Wuta ita ce babbar magana. Kafin Yuli 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse shi a farkon Agusta, bai dawo ba sai Maris 2024. Duk sabar da ta rayu a irin wannan lokaci ta sha ɗaukewar wuta babu adadi. Abin da ke ɓata ta shi ne a ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu a faifai: rabin bayani ya shiga, rabi bai shiga ba. Wannan ne ke kai ka ga baƙin allon da ka ambata. Idan ka ga kalmar initramfs a farkon layi, karanta abin da ke sama, yawanci takan faɗi sunan ɓangaren faifan da ya rikice, kamar /dev/sda2, ta ce a gudanar da fsck. Ka rubuta fsck -y sannan wannan sunan daidai yadda ta nuna, ka jira ta gama, ka rubuta reboot. Amma kada ka taɓa gudanar da fsck a kan ɓangaren da kwamfuta ke aiki da shi bayan ta tashi sosai.

In gyaran ya zama na kowane mako, faifan kansa ya fara gajiya. Saka smartmontools, ka rubuta sudo smartctl -a /dev/sda, ka nemi layi mai lamba 5 da mai lamba 197. Na farko yana ƙirga gurabun da suka lalace aka maye su, na biyu waɗanda ake zargi. Ya kamata lambar ƙarshe a kowane layi ta zama sifili. In ba sifili ba ce kuma tana ƙaruwa, sayi sabon faifai, kada ka tsaya lallashi. Tun da kana nan, rubuta df -h. Faifan da ya cika ɗari bisa ɗari yakan sa saba ta yi halin da mutum zai rantse birus ne: ta ƙi ajiye sabon suna, ta ƙi barin a shiga.

Na san za ka ce kuna da ondular, wato na'urar da ke riƙe wuta da batir in an ɗauke lantarki. Yaushe rabon da a canza batirinta? Batirin dalma da ke ciki an auna shi ne a ɗaki mai digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba tsawon ransa biyu. Wanda zai yi shekara huɗu a Faransa, kada ka yi mamaki in bai kai biyu ba a Gaya. Koriyar fitilar da ke gabanta ba shaida ba ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ka kashe saba, ka haɗa fitila ko fanka a jikin ondular, ka zare fulogi ka ga minti nawa za ta riƙe. Kada a haɗa mata firinta mai leza ko firij. In tana da ramin USB a baya, haɗa ta da sabar a saka manhajar NUT, yadda in batir ya kusa ƙarewa sabar za ta rufe kanta cikin natsuwa ko da babu kowa a ofis.

Ra'ayina ma, ofis mai kwamfutoci kaɗan ba ya buƙatar ƙatuwar hasumiya mai cin wuta. Laftof mai lafiyayyen batir ko ƙaramar kwamfuta irin ta tafin hannu za ta yi aikin, da wutar da faranti ɗaya na hasken rana da batir mai kyau za su iya ɗauka. Mutane suna ganin ƙaramin abu bai yi kama da saba ba. Sunayen manoma ɗari biyar ba su da nauyin da za su gagare shi.

Kada ka manta da tsawa. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwa a Nijar, kuma tsawa ba ta wayar lantarki kaɗai take shigowa ba, tana bin wayar eriya da wayar da ta tsallaka daga wannan gini zuwa wancan. In hadari ya haɗu, a zare su. A kuma sa mai aikin lantarki ya tabbatar akwai sandar tagulla da aka binne a ƙasa, kuma wayarta ta iso soket ɗin da gaske.

Kwanan watan da ke komawa baya shi ne mafi sauƙi. A kan babban allon cikin kwamfuta akwai batir CR2032 mai bolt 3, shi ke riƙe agogo in babu wuta. Ya mutu. Masu gyaran agogo da waya suna sayar da shi. Bayan ka canza, rubuta timedatectl ka tabbatar yankin Africa/Niamey ne kuma an kunna daidaita agogo ta intanet. Kuskuren kwanan watan ne ma yake hana shafuka buɗewa: kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, wasu kwana 90 kacal suke yi, kwamfutar da take zaton ana 2015 kuwa za ta ƙi amincewa da duka. Abin da ya fi damuna shi ne rasit ɗin da kuka shigar a waɗannan ranakun. Ka bi su ka duba kwanan watansu kafin lokacin biyan bashi ya zo.

In agogo ya daidaita intanet yana ci gaba da gardama, tuna inda kake zaune. Layin da ke cikin modem yana iya tsallakewa ya kama rezon Najeriya ta wajen Kamba ko na Benin ta wajen Malanville. Shiga saitin modem ka kashe yawon ƙetare, ka zaɓi kamfaninku da hannu. Sannan gwada ping 8.8.8.8. In ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar fassara sunaye ce, wato DNS. In bai amsa ba, tambayi maƙwabci ko nasa yana yi kafin ka kwance komai. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya raunana daga Laberiya har Benin da Nijar. Wanda ya goge sabarsa a ranar ya yi aikin banza.

Yanzu maganar da na fi so ka riƙe. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kamfanin da ke cikin manyan masu ajiye saba a Turai. Waɗanda kwafinsu yake a wuri guda da sabarsu sun rasa duka biyun. A Janairu 2017 kuma wani ma'aikacin GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, da aka juya ga hanyoyin kwafi biyar da suke taƙama da su, aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan ne ya cece su. Waɗannan ƙwararru ne masu kuɗi. Ku da ke da saba ɗaya a ɗaki ɗaya, ku sayi faifan waje guda biyu. Ɗaya yana ofis ana kwafa a kullum da yamma, a cire shi in an gama, domin faifan da ke maƙale kullum duk abin da ya sami saba zai same shi. Ɗayan yana gidan ma'aji ko shugaba, ana musanya su kowace Juma'a. Fayil ɗin rumbun bayanai yawanci ƙarami ne, ana iya kulle shi da lambar sirri a tura wani wuri ta intanet. Sau ɗaya a wata ka ɗauki kwafin ka buɗe shi a wata kwamfuta, ka nemo sunan mutum ɗaya da bashinsa. In bai fito ba, ba ku da kwafi.

Birus kam akwai shi, amma ka neme shi a kwamfutocin Windows na ofis, musamman wanda ke bin kile yana ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun Janairu 2020, Windows 10 kuma a Oktoba 2025. A hana kowa cusa kilensa a saba, kowane ma'aikaci kuma ya sami nasa sunan shiga.

Ka sayi littafi mai bango, ka riƙa rubuta rana, abin da ka gani da abin da ka taɓa, ka canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Lambobin sirri a rubuta su a rufe a ambulan wajen shugaban ƙungiya, don kada tafiyar mutum ɗaya ta sake barin ku a tsaye. In kuɗin da kwamiti zai ba ka kaɗan ne, fara da faifan waje, sai CR2032, sai batirin ondular. In ka gwada, ka aiko mana da layuka goma na ƙarshe na journalctl da lambobin 5 da 197, mu duba tare. Allah ya ba da damina mai albarka.