Ilmin Haske: Yadda Ake Sarrafa Filashi Guda Ɗaya Wajen Ɗaukar Hoto

Gabatarwa

A garuruwa irin su Mandera, a yankin Boɗinga da Shagari na Jihar Sakkwato, yawancin shagulgulan biki sai rana ta yi sanyi ake fara su, wasu kuma har bayan sallar isha'i. A irin wannan lokaci mai ɗaukar hoto ba shi da abin dogara sai fitilar walƙiya ta kyamara, wadda masu sana'ar ke kira filashi. Sau da yawa idan hotunan suka fito sai a tarar fuskar amarya ta yi fari fat, ƙawayenta na baya sun nutse cikin duhu, ga kuma wata baƙar inuwa manne da bango. Biki kuwa ba a maimaita shi don hoto ya lalace. Wannan darasi zai bayyana dalilan kimiyya da ke haddasa haka, da yadda filashi guda ɗaya, irin wanda ake ɗaurawa a kuma cire, zai wadatar idan an san dokokin haske.

Asalin Filashi da Yadda Yake Aiki

Wajen shekara 1000 da suka wuce, Ibnul Haisam, masanin da aka haifa a Basra ya kuma rayu a Alƙahira, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske miƙe yake tafiya, kuma ido yana gani ne idan haske ya taso daga abu ya shige shi. Kyamara ma haka take: ba ta ɗaukar komai sai hasken da ya dawo mata.

A shekarar 1887 wasu Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa wata hoda mai sinadarin magnisiyam da ake cinna wa wuta don ta haskaka wuri. Hodar tana da hayaƙi da haɗarin ƙuna. A 1931 Harold Edgerton na jami'ar MIT ta Amurka ya inganta fitilar walƙiya mai aiki da lantarki, wadda ita ce kakar filashin yau.

A cikin filashi akwai batir, da kafasita, wato rumbun tara lantarki, da kuma ɗan bututun gilashi mai ɗauke da iskar zinon. Lantarkin batir kaɗan ne, saboda haka ake ɗaga ƙarfinsa zuwa kimanin bolt 300 a tara a kafasita. Da zarar an danna kyamara, sai rumbun ya juye abin da ya tara gaba ɗaya cikin bututun, iskar ta yi walƙiya ta kimanin kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa, ko ƙasa da haka. Launin wannan haske ya yi kusa da na hasken rana da tsaka.

Dokar Nisa

Haske yana bazuwa yayin da yake nisa da tushensa. Idan aka ninka nisa sau 2, filin da hasken zai rufe yana ninkuwa sau 4, don haka kowane wuri kashi 1 cikin 4 kawai zai samu. Idan aka ninka nisan sau 3, sai ya koma kashi 1 cikin 9.

A ɗauka amarya tana mita 2 daga filashi, ƙawayenta na layin baya suna mita 4. Su kashi 1 cikin 4 na haskenta za su samu. Wannan shi ya sa ita ta ƙone, su kuma suka dushe. Amma idan aka ja filashin baya har ta zama a mita 6, su a mita 8, lissafin zai zama 36 a kan 64, wato fiye da rabi. Ke nan maganin hoton taro shi ne a matso da mutane kusa da juna, a kuma nisanta fitilar.

Lambar Jagora

Kowane filashi yana da lambar da ke nuna ƙarfinsa. Ana raba wannan lamba da nisa, sai a sami lambar kafar haske da za a saita a idon kyamara. Misali, filashi mai lamba 32, bisa awon mita da ISO 100: a mita 2 kafar ita ce 16, a mita 4 ita ce 8, a mita 8 kuma 4. Lambobin kafa suna jere kamar haka: 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Ƙaramar lamba tana nufin babbar kafa, kuma kowane taki zuwa sama yana rage rabin haske.

Akwai kuma labulen da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara. Dole ne walƙiyar ta tashi yayin da yake buɗe baki ɗaya. Tsofaffin kyamarori masu fim da yawa iyakarsu 1/60 na daƙiƙa, na zamani kuwa galibi 1/200 ko 1/250. Idan aka zarce wannan iyaka, wani sashe na hoton zai fito baƙi ƙirin. Da yake walƙiyar gajeriya ce ƙwarai, saurin labule bai shafe ta ba. Hasken wurin kaɗai yake ragewa ko ƙarawa. Saboda haka wanda ke son fitilun tsakar gida su bayyana a baya sai ya sassauta labule zuwa 1/30.

Inda Ake Ajiye Fitila

Idan filashi yana daf da idon kyamara, hasken yana zuwa gaba da gaba, fuska ta fito a baje kamar faifai. A cikin duhu kuma ƙwayar ido tana buɗewa, hasken ya shiga ya bugi bayan ido mai yawan jijiyoyin jini ya dawo, sai a ga jan ido. Da hunturu, lokacin da hazo ya rufe ƙasar Sakkwato, ƙurar da ke kusa da kyamara takan haskaka ta fito kamar fararen ƙwallaye. Duk waɗannan matsaloli uku maganinsu ɗaya: a raba filashi da kyamara ta hanyar waya ko ɗan na'urar rediyo, a ɗaga shi sama da kai kaɗan, a gefe, kimanin digiri 45.

Taushin inuwa kuwa ya danganta ga faɗin tushen haske. Bakin filashi bai kai tafin hannu ba, shi ya sa inuwarsa ke da kaifi. Idan aka juya shi ya bugi farin bango ko silin, bangon ne zai zama fitila mai faɗi, inuwa ta yi laushi. Sai dai a kiyaye abu biyu. Na farko, nisan da za a lissafa shi ne daga filashi zuwa bango, da kuma daga bango zuwa mutum, sannan a ƙara buɗe kafa taki ɗaya ko biyu domin bango yana shan wani kaso. Na biyu, haske yana ɗaukar launin abin da ya buga. Bangon jar ƙasa zai mayar da farar riga ja-ja, shuɗin fenti kuma ya ɓata launin fata. A irin wannan gida sai a sa yaro ya riƙe farin yadi ko babban kwali fari a buga hasken a kai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan fitilar tana dama, a ajiye wani farin kwali a hagu don ya mayar da ɗan haske ga ɓangaren da ke cikin inuwa. Haka nan a nisanta mutum da bango kamar mita 2, inuwarsa ta faɗi ƙasa.

Ko da rana tsaka filashi yana da amfani. A hoton Sallah, rawani ko malfa kan jefa fuska cikin duhu alhali farar babbar riga tana ƙyalli. Ɗan haske mai rauni daga filashi zai cike inuwar, a ga fuska, aikin rigar ma bai ɓace ba.

Gwaji a Aji

Malami zai iya nuna duk wannan da tocila, da ƙwarya, da farar takarda. A rufe tagogi, a haska allo daga mita 1, a auna faɗin da'irar hasken, sannan a koma mita 2. Ɗalibai za su ga faɗin ya ninku kusan sau 2, hasken kuma ya dushe. Daga nan a haska ƙwaryar daga gaba, daga gefe, sannan ta hanyar buga hasken a takarda, kowa ya zana inuwar da ya gani.

Gargaɗi

Kafasita takan riƙe lantarki ko bayan an cire batir, don haka kada ɗalibi ya kwance filashi. Wasu tsofaffin filashi na zamanin fim suna iya lalata kyamarar zamani idan aka ɗaura su kai tsaye. Kada a haska direba ko dokin hawan Sallah a ido daga kusa, kuma a nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi.

Tambayoyi

1. Filashi mai lamba 40 yana mita 5 daga mutum. Wace kafa za a saita?
2. Yaro yana mita 3, mahaifinsa yana mita 6. Kashi nawa na hasken yaron uban zai samu?
3. Me ya sa bugun haske a bangon jar ƙasa ke canza launin tufafi?