Ɗalibi Baƙo a Wagadugu

Karatu: Daniyel 1:1-21

Ɗan'uwa mai karatu, idan makaranta ta tura ka Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, abin da za ka fara nema bayan ka sauke kaya shi ne wanda ke jin Hausa. Wannan ba laifi ba ne. Kakanninmu fatake ma haka suka yi. Duk garin da suka yada zango a kan hanyar fataucin goro, sukan zauna kusa da juna, shi ya sa ake samun unguwa mai suna Zango ko Zongo daga Kumasi har Kotonu.

A Wagadugu tsohuwar unguwar Hausawa ita ce Zangouettin, a tsakiyar gari. A shekarar 2003 gwamnati ta rushe ta tare da unguwannin da ke kewaye, domin shirin gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi da ake kira ZACA, aka ba mazaunanta filaye a wasu wurare, har da gefen Ouaga 2000. Akwai kuma unguwar Zongo a yammacin birni, inda mutane da yawa suka yi gini tun gwamnati ba ta yanka filaye ba. Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi yakan so irin wannan wuri domin haya da sauƙi. Amma kafin ka biya kuɗin ɗaki, ka tambayi maƙwabta inda ake ɗebo ruwa da kuma inda ruwan sama ke bi. Ran 1 ga Satumba 2009 an yi ruwan da ya wuce milimita 250 cikin yini ɗaya, gidajen ƙasa ne kuwa suka fi rushewa.

To, ga abin da nake so ka riƙe. Zango wurin sauka ne, a huta, a tambayi hanya, sa'an nan a shiga gari. Ɗalibin da ya shekara yana cin tuwo da 'yan garinsu kaɗai, yana hira da su kaɗai, zai koma gida da takarda amma bai san ƙasar da ya zauna ba.

Dubi Daniyel. Shi ba da son ransa ya je Babila ba, kamo shi aka yi, duk da haka makaranta aka sa shi ta shekara uku. Aka ce ya koyi harshen Kaldiyawa da rubutunsu, bai ƙi ba. Aka sāke masa suna zuwa Belteshazzar, bai tā da rigima ba. Abu ɗaya ya tsaya a kai, wato abincin sarki da ruwan inabinsa. Ko a nan ma bai yi tsawa ba. Roƙo ya yi, ya ce a gwada su kwana goma da ganyaye da ruwa. Ka lura da yawan abin da ya karɓa, da ƙanƙantar abin da ya ƙi. Yawancinmu mukan juya lissafin: mu ƙi harshen mutane da abincinsu da gaisuwarsu, amma mu saki abin da ya kamata mu riƙe, kamar gaskiya a ɗakin jarrabawa da tsabtar rai sa'ad da babu iyaye kusa.

Ko a Jami'ar Joseph Ki-Zerbo kake, wadda aka kafa a 1974, ko a makarantar injiniyoyin ruwa ta 2iE da ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama, Faransanci za ka ji a aji. Ɗan Maradi ko Damagaram ya saba da wannan, kuɗin ma sefa ce irin ta gida. Ɗan Kano ko Zariya kuwa sai ya yi haƙuri da watannin farko, lokacin da malami zai yi magana sa'a biyu shi kuwa ya kama kalma goma. Kada ka ɗauka kanka ne ya toshe. Kunne yakan buɗe a hankali.

Amma a kasuwa da bakin famfo harshen More ne, na mutanen Mosi. Za ka yi mamakin yadda wasu kalmomi suka yi kama da namu. Idan an gaishe ka, amsar ita ce “laafi”. “Barka” kuwa a wurinsu godiya ce, saboda haka idan mai sayar da wake da shinkafa, wanda suke kira benga, ta ce maka barka, ba murna take taya ka ba. Tuwonsu sagabo ɗan'uwan namu ne. In ka shiga gida aka miƙo maka zoom-koom, ruwan garin gero da ake tarbar baƙo da shi, ka karɓa ka kurɓa ko ba ka jin ƙishi.

Ran Lahadi fa? Za ka so ka nemi inda ake waƙa da Hausa, in ka samu ka gode. In ba ka samu ba, kada ka kwanta a ɗaki. Ikilisiyar Assemblies of God tana garin tun 1921, akwai kuma wasu da yawa, ana sujada da More ko Faransanci. Ka zauna kusa da wanda zai nuna maka sura da aya, ka bi da Littafinka na Hausa. Bayan an tashi kada ka yi saurin fita, gama a bakin ƙofa ake sanin mutane.

Kewar gida za ta zo, yawanci da yamma, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ba mai dama maka kunu. Ka tsayar da rana ɗaya a mako ta kiran gida, maimakon ka kwana a kan waya kullum. Ka tuna kuma agogon Wagadugu yana bayan na Nijar da Nijeriya da sa'a ɗaya. In ka bari sai ƙarfe tara na dare a wurinka, Inna ta riga ta rufe ƙofa.