Kafin ka hau duwatsun Tamaske da damina

Wani abokina daga Maraɗi ya tambaye ni ko watan Agusta ya dace da hawan duwatsun Adar. Ya dace ƙwarai, don lokacin ne kwarin Keita yake kore shar. Sai dai ƙoramar da ka tsallake a bushe da safe ba lalle ta bar ka ka koma da yamma ba.

Saman duwatsun nan fako ne da tsakuwa, ba ya shan ruwa. Duk abin da ya zuba can sama gangarowa yake yi gaba ɗaya cikin ƙorama, ko da inda kake ɗigo bai sauka ba. Na ga haka da idona kusa da Tamaske. Rana tana haskawa, muna tsakiyar yashi, sai wani yaro mai kiwon awaki ya ƙwala mana kira daga kan gaɓa: "Malam, ku fito, ruwa na tafe!" Ruri muka fara ji, sannan ga jan ruwa ɗauke da itace da ƙaya, ya cika ƙoramar baki da baki. A ƙetare muka kwana, gidan maigari.

Saboda haka ka fita da asuba, ka sauko kafin azahar. Ka riƙa duban gabas, ta nan hadari ya fi tasowa. In ɗan kabu-kabu ya ce maka "ai za mu wuce", kada ka yarda. Wasunsu kuɗin komowa kawai suke hange, kuma raina yana ɓaci da irin wannan ganganci da ran mutum.

A gangare za ka ga jerin duwatsu da ramukan tare ruwa. Aikin Projet Keita ne, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da taimakon FAO, kuma mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun a ka, ana biyan su da abinci. Kada ka ture ko ɗaya, su ne ke rage wa ruwan ƙarfi kafin ya kai fadama.

Ruwan sha, takalmi mai ƙarfi, katin shaida saboda jandarmomin hanyar Tawa, duk ka sani.

Ka gaida maigari, ka tambaye shi halin tsaro, ka nemi ɗan gari ya raka ka. In ya ce a tsaya, ka tsaya.