Ƙyalle Ba Shara Ba Ne: Darasi Kan Ɗinkin Bargon Ƙyallaye

  

Akwai wani tela a bakin layinmu. Duk ranar Laraba da yamma, in na taso daga makaranta, sai in tarar yaronsa ya tara ƙyallayen mako guda yana cinna musu wuta. Atamfa, shadda, yadi, duk sababbi fil, laifinsu kawai ƙanƙanta. Ran nan dai na kasa haƙuri na ce, "Malam, don Allah a daina ƙonawa, a riƙa zuba mini a buhu." Ya yi dariya ya ce, "Malama, me za ki yi da shara?" Kafin sanyin hunturu ya kama, sharar nan ta zama bargon da autata take rufa da shi. To a kan wannan sana'a darasinmu na yau zai gudana: mece ce ita, yadda al'ummu suke yin ta, abin da ake dubawa a wurin gasa, da yadda ke ma za ki fara.

Mene ne bargon ƙyallaye?

Hawa uku gare shi. Akwai fuska, wato ƙananan ƙyallayen da aka yanka aka haɗa su suka ba da zane. Akwai ciko a tsakiya, wanda shi ne mai riƙe ɗumi, ko auduga ko tsofaffin zannuwa. Sai shafi a baya, yadi guda shimfiɗaɗɗe. Aikin kuma kashi biyu ne: haɗa ƙyallayen fuska, sannan ɗinkin kamewa, wanda yake ratsa hawa ukun ya riƙe su wuri guda don kada cikon ya dunƙule in an yi wanki.

Kada ki ɗauka wannan dabara baƙuwa ce a wurinmu. Lifidin da ake sa wa doki da mahayinsa a hawan Sallah, ai yadi ne aka cusa wa auduga aka bi shi da ɗinkin kamewa, don kada kibiya ta ratsa. Kundin tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da shi. Faci kuwa bai taɓa zama abin kunya a wurin magabata ba. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Anas ɗan Malik ya ga Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara musu yarda, yana shugabanci amma da faci uku a rigarsa tsakanin kafaɗu.

Kowace ƙasa da salonta

A lardin Sindh na Pakistan ana kiransa ralli. Uwa takan fara tara wa 'yarta tun tana ƙarama, domin yana cikin kayan ɗakin amarya, kuma yawan rallin da gida yake da shi alama ce ta rufin asiri. Sukan rina yadi da launuka masu ƙarfi, ja, baƙi, fari da rawaya, su yanka murabba'i da alwatika su haɗa. Tsofaffin tufafin gida su ne cikon. Ranar ɗinkin kamewa sai maƙwabta su taru a shimfiɗa shi bisa tabarma, kowa ta kama gefe, kamar dai yadda ake gayyar aiki.

A Bangladesh da yankin Bengal na Indiya sunansa kanta. Su ba su cika yanka ƙyalle ba. Tsofaffin zannuwan mata suke jerawa wani kan wani, su zaro zare mai launi daga bakin zanen da ya tsufa, su bi da ƙananan ɗinki layi-layi har sai fuskar ta yi kamar ruwan da iska ta kaɗa. Ko zaren ma ba a saya ba.

A Masar kuwa akwai hayamiyya, sana'ar masu ɗinka tanti a tsohon birnin Alƙahira kusa da ƙofar Bab Zuwaila. Nan maza ne suke yi. Sukan yanka ƙyalle su lanƙwasa bakinsa su ɗinka shi bisa yadi mai kauri, a fitar da taurari da furanni irin na adon masallatai. Da su ake kafa rumfunan biki, da na zaman makoki, da na buɗa-baki a watan azumi.

Kin ga ke nan ba dole sai an zana mutum ko dabba abu yake yin kyau ba. Murabba'i da alwatika kaɗai sun ishi gwana.

Labari biyu daga Amurka

Amurka ce ƙasar da gasa da baje kolin wannan sana'a suka fi ƙarfi, kuma a can na tsinto mana labari biyu da nake so mu auna su.

Na farko ya faru a 1933, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, miliyoyin mutane ba aikin yi. Kamfanin Sears ya shirya gasar bargon ƙyallaye albarkacin babban baje kolin duniya da aka yi a Chicago. Babbar kyautar dala 1,000 ce, kuɗi mai yawan gaske a wancan zamani, shi ya sa aka shigar da barguna sama da 24,000. Sharaɗin gasar shi ne kowace mace ta sa hannu cewa aikin hannunta ne. Wata mai shagon kayan ɗinki daga garin Lexington a jihar Kentucky ta cinye, aka kai bargon kyauta ga Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa. Ashe ba ita ta ɗinka ba, wasu mata ta biya suka yi mata. Su kuma suka yi gum, domin daga hannunta suke samun ɗan aikin da suke ci da shi. Sai bayan shekaru masu yawa masu bincike biyu, Merikay Waldvogel da Barbara Brackman, suka bi diddigin labarin a littafin da suka fitar a 1993. Shi kansa bargon ya ɓace. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ya yi shekara sittin.

Na biyu labarin wani ƙauye ne da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama, wanda kogi ya kewaye ta gefe uku. Mazaunansa baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin. Talauci ya yi musu katutu, gidajensu na katako ne, da takardun jarida suke toshe kafofin da sanyi yake shigowa. Matan suka riƙa farke tsofaffin wandunan aikin mazajensu da buhunan da aka juye, suna haɗa barguna don yara su kwana da ɗumi. Ba su da littafin zane, ido da hannu kawai. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa don sayar da aikinsu. A 2002 aka baje bargunansu a babban gidan nuna zane-zane na birnin Houston, daga nan aka wuce da su New York, mutane suka yi ta tururuwa suna kallo, kowane bargo da sunan mai shi a gefensa. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan goma daga cikinsu a kan sarki. A 2015 kuma aka karrama uku daga cikin matan, Mary Lee Bendolph da Lucy Mingo da Loretta Pettway, da lambar yabo ta ƙasa ta masu fasahar gargajiya.

'Yar'uwa, duba bambancin. Waccan ta samu kuɗi da gumin wasu, yau ba a ambaton ta sai da wannan tabo. Waɗannan sun ɗinka tsumma don larura, sunansu ya shiga tarihi. Ina kawo wannan ne don abin yana faruwa a tsakaninmu. Sau nawa hajiya take ba wa wata baiwar Allah aikin saƙa ko kwalliyar zanin gado, ta biya ta abin da bai taka kara ya karya ba, sannan a wurin biki ta ce, "Ai ni na yi da hannuna"? Sayen aiki a sayar halal ne. Amma ki biya haƙƙi cikakke, kuma in an tambaye ki wa ya yi, ki faɗi gaskiya, domin ta nan ne ita ma za ta samu wasu masu saye.

Me alƙalan gasa suke dubawa?

Ana yin manyan tarukan wannan sana'a a Houston, da garin Paducah na jihar Kentucky inda aka buɗe gidan adana barguna a 1991, da Birmingham ta Ingila inda aka fara a 2003. Ko ba za ki taɓa zuwa can ba, ma'auninsu zai amfane ki, don shi ne dai abin da mai saye take dubawa a kasuwa:

1. Kusurwoyi su haɗu daidai, kada layi ya goce wa ɗan'uwansa.
2. Ɗinkin kamewa ya zama tsawonsa ɗaya, gaba da baya.
3. In an shimfiɗa bargon ya kwanta lumui, ba tudu ba tattara.
4. Bakinsa ya miƙe, kalmasar ta cika dam.
5. Launi mai duhu da mai haske su raba aiki, yadda zanen zai fito tun daga nesa.
6. Tsabta: ba zare a sake, ba tabon alli ko na mai.

Yadda za ki fara

Kada ki fara da na babban gado, za ki gaji ki ajiye. Fara da na jariri.

Da farko ki ware ƙyallayen. Atamfa da atamfa, shadda da shadda. Kada ki haɗa mai kauri da marar kauri, kuma ki ajiye leshi da yadi mai santsi gefe tukuna. Ki wanke su kafin yanka, kowane launi daban, saboda wanda zai zuba ya zuba, wanda zai tsuke ya tsuke tun yanzu. Sai ki goge.

Ki samu kwali mai ƙarfi ki yanka murabba'i inci 5 kowane gefe, shi ne ma'auninki. Ki ɗora shi bisa ƙyalle daidai da yadda zaren saƙar ya miƙe, kada a karkace, ki zana da alli ki yanka. Guda 80 kike buƙata, 40 masu duhu, 40 masu haske.

Ki shimfiɗa su a ƙasa, takwas a kowane layi, layi goma, mai duhu kusa da mai haske. Ki ja da baya ki kalla, in wani launi ya taru wuri guda ki sauya. Sai ki fara haɗawa, kina cin rubu'in inci daga baki a kowane ɗinki. Nan ne asirin yake, wallahi. In kika ci rubu'i a nan, rabi a can, kusurwa ba za ta taɓa haɗuwa ba. Kowane murabba'i zai koma inci 4 da rabi, bargon ya tashi inci 36 a faɗi, 45 a tsawo.

In kin gama layi, ki kwantar da bakin ɗinkin da dutsen guga, layi na farko zuwa dama, na biyu zuwa hagu. Haka zai sa su shige cikin juna in kin zo haɗa layukan.

Daga nan ki shimfiɗa shafi, ki ɗora ciko, tsohon zani biyu ko bargo marar kauri ya isa, sannan fuska. Shafi da ciko su ɗara fuska da kamar inci 2 ta kowane gefe. Ki kama su da manyan ɗinki na wucin gadi, daga tsakiya zuwa baki. Ɗinkin kamewa ma daga tsakiya ake farawa, kuma kada tazarar layi da layi ta wuce faɗin tafin hannunki. A ƙarshe ki datse rarar, ki yanka dogon ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi, ki ninka shi biyu ki kalmashe bakin da shi. Wadda ba ta da keke kada ta damu, matan Sindh da Bengal da allura kawai suke yi.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki manta da shi: ki ɗinka ɗan farin ƙyalle a baya, ki sa sunanki, da garinku, da shekara. In ku biyu kuka yi, a sa suna biyu. In kin tashi sa kuɗi kuma, ki lissafa kwanakin da kika yi a kansa, kada ki ce ai ƙyallen kyauta ne. Ƙyallen ne kyauta, idonki da bayanki ba kyauta ba ne.

Aikin gida

1. Faɗi hawa ukun bargon ƙyallaye da amfanin kowanne.
2. Mene ne bambancin ralli da kanta?
3. Wa kika taɓa ba wa aikin hannu? Kin biya ta daidai, kin kuma ambaci sunanta?
4. Ki aika wurin telanki a tara miki ƙyallayen mako guda, ki yanka murabba'i 80 kafin fitowa ta gaba.

Sannu ba ta hana zuwa. Murabba'i goma a rana bayan yara sun tafi makaranta, cikin kwana takwas kin gama yanka. A darasi mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ga yadda ake haɗa alwatika a fitar da tauraro. Allah Ya sa albarka a hannuwanmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wassalamu alaikum.